Ina son zama malamar kurame a sakandare: PGDE zan fara ko mastas?

Assalamu alaikum. Shekaruna 27, ina zaune a Rigasa. Na yi digiri a Kemistiri, na gama bautar ƙasa, yau shekara uku ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ƙanena ya kurumce bayan ya yi sanƙarau yana ɗan shekara biyar, yanzu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Wahalar da nake gani yana sha ita ta sa nake son zama malamar kurame. Abin da na tara bai wuce kuɗin karatu ɗaya ba: ko PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ko mastas. Baba yana son in yi mastas a Kemistiri, ya ce mai digiri ba ta komawa yin difloma. Wani kuma ya ce in kawo kuɗi zai samo mini takardar hukumar rajistar malamai, TRCN, ba sai na zauna jarrabawa ba. Don Allah da me zan fara?

Wata 'yar'uwa daga Rigasa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya ƙanen naki, ya sa albarka a karatunsa.

Ki fara da PGDE. Mastas ya jira, mai sayar da takarda kuma ki daina ɗaga wayarsa. Amma ki sani tun yanzu, abu biyu kika haɗa a tambaya ɗaya: zama malama a idon doka daban, iya koyar da kurame daban. PGDE zai ba ki na farko, ba zai ba ki na biyu ba.

Mu fara da Baba, domin maganarsa ba ta raini ba ce, kalmar difloma ce ta shige masa gaba. Diflomar da ya sani ita ce wadda ake yi bayan sakandare. Wannan kuwa ba a ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya gama digiri ko babbar difloma ta HND, saboda haka ba baya kika koma ba. An yi ta ne don mutum irinki, wanda ya san Kemistiri amma ba a taɓa koya masa yadda ake koyar da shi ba. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ta kasa malamai rukuni huɗu: D na masu NCE, C na masu digirin farko, B na masu mastas, A na masu digirin dakta. Sharaɗin da ya ratsa dukkansu shi ne takardar ilimin koyarwa. Ko da mutum ya kai dakta a Kemistiri, in babu wannan takardar bai cancanci rajista ba. To kin ga in kika kashe abin da kika tara a mastas, za ki fito bayan shekara biyu da ƙarin ilimi amma kina nan inda kike a wajen TRCN. In kuwa PGDE kika fara, kin shiga rukunin C, duk ranar da kika ƙara mastas sai ki haura B. Haka za ki faɗa wa Baba: ba a fasa ba, jeri aka gyara.

Wajen yin karatun kuwa, zama a Kaduna ya yi miki rana. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta na nan Rigachikun a kan hanyar Zariya, kuma an tsara karatunta don masu aiki, ana haɗuwa a ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a garin nan, ita ma tana yin PGDE. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ma haka. Tunda albashinki ne zai riƙe ki, ki zaɓi tsarin da ba zai raba ki da aji ba. Karatun kan ci zango biyu zuwa uku, wato shekara guda da 'yan kai in an haɗa da gwajin koyarwa da rubutun bincike. Kuɗin makaranta yana sauyawa kusan kowace shekara, don haka ki je ofishin da ƙafarki ki gani a rubuce, kuma kada ki tura ko sisi cikin asusun wani mutum da sunan zai biya miki.

Kafin ki sayi fom, ki yi tambaya huɗu. TRCN ta amince da wannan kwas ɗin a wannan cibiyar? Sunan wace makaranta ne zai fito a takardar? Waɗanda suka gama bara sun karɓi tasu? Ana aiko malami ya zauna a bayan aji ya duba ɗalibi lokacin gwajin koyarwa, ko a ofis ake cike maki? Tambaya ta uku kada ki yi wa ma'aikaci, ki nemi tsohon ɗalibi. Ta huɗu kuma ita ce ma'aunin da muka fi yarda da shi: inda ba a zuwa duba ɗalibi a aji, takarda kawai ake sayarwa da dogon zango.

Takardun da za a nema ba baƙi ba ne: shaidar digiri, ta bautar ƙasa, sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da cikakken sakamakon jami'a wanda tsohuwar makarantarki za ta aika. Wannan na ƙarshen shi ke ɓata wa mutane shekara, domin fitowarsa kan ɗauki watanni. Sannan ki jera takardunki duka a kan tabarma ki karanta sunanki harafi bayan harafi. In a wata an rubuta sunan mahaifi da ƙarin harafi, a wata an saka sunan kaka, a katin ɗan ƙasa kuma ranar haihuwa ta bambanta, ki gyara yanzu da rantsuwar kotu. Irin wannan ɗan saɓanin ba ya tashi sai ranar tantancewar ɗaukar aiki, ranar da babu lokacin gyara.

A cikin kwas ɗin za ki haɗu da tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar yara da yadda suke koyo, tsarin manhaja, dabarun koyar da darasinki, da auna fahimtar ɗalibi. Masu digirin kimiyya sukan raina waɗannan, su ce surutu ne, su yi haddar dare ɗaya su tsira da kyar. Kada ki bi su. Sakamakon PGDE ɗinki shi za a duba ranar da kika nemi mastas a fannin ilimi, kuma wanda ya fita da maki na tsira kawai yakan tarar da ƙofar a rufe. Darasi biyu ki riƙe da hannu bibbiyu: auna fahimta, da hanyoyin bincike. Na farkon shi zai koya miki bambance yaron da bai gane Kemistiri ba da yaron da bai gane Turancin tambayar ba, kuma a ajin kurame wannan bambancin shi ne rabin aikin.

Gwajin koyarwa kan ɗauki mako shida ko fiye, gwargwadon makaranta. Shekara ukun da kika yi a aji za ta taimake ki wajen tsayuwa gaban yara, amma tana iya cutar da ke, domin mai dubawa ba santsin baki yake aunawa ba. Zai karɓi littafin shirin darasinki ya ga ko manufar da kika rubuta abin aunawa ce. "Ɗalibai su fahimci asid" ba manufa ba ce, tunda ba a ganin fahimta da ido. "Ɗalibai su lissafa siffofi uku na asid, su bambance shi da alkali da takardar litmos" ita ce manufa. Zai duba ko kin ɗora a kan abin da suka riga suka sani, ko kin zo da kayan nuni, ko tambayoyin ƙarshe sun koma kan manufar farko, ko kin cinye minti arba'in ɗin kina magana ke kaɗai. Ki sanar da mai makarantarku da wuri, a rubuce, domin jadawali ne ya fi haddasa rigima a wannan lokacin.

Bayan sakamako ya fito sai jarrabawar TRCN, wadda aka fara a 2017. A kwamfuta ake yin ta, tambaya da zaɓin amsa, kuma akasarinta daga darussan PGDE ne, da ɗan Turanci, ɗan lissafi, sanin kwamfuta da ladubban aikin malanta. Rabin maki ake nema. Ki zauna ta a zangon farko da ya biyo bayan gama karatunki, tun abin yana kanki. In kin ci za a ba ki takardar rajista da lasisi. Lasisin ana sabunta shi duk shekara uku, mutane da yawa kuma sukan manta da wannan har sai an tambaye su.

Shi kuwa mai cewa ki kawo kuɗi, lissafin gajere ne. A yau ba ki cika sharaɗin rajista ba, saboda haka duk abin da zai miƙo miki jabu ne, ko da ya fi na gaske sheƙi. Rajista lamba ce a kundin hukuma, ba takardar da ke hannu ba, kuma ana dubawa. Ranar da aka duba, aiki ya tafi, ga tuhumar jabu, shi kuma ba za ki ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ki tuna ma a jihar da kike: a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi abin, ya nuna cewa a nan ko takardar gaske ba ta hana a sake gwada mai ita.

Yanzu ga babbar maganar. A PGDE, abin da za ki samu kan ilimin masu buƙata ta musamman bai wuce gabatarwa ba, in ma an saka shi. Fannin kansa rassa ne: masu larurar ji, masu larurar gani, masu jinkirin fahimta, masu wahalar karatu da rubutu alhali basirarsu lafiya lau, har da masu baiwa ta daban. Ba wanda yake ƙwarewa a duka. Malamin makafi rubutun Braille yake koya, mai ɗigo shida, da allon hudawa da ake rubutu a kansa daga dama zuwa hagu, da manhajar kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Wannan wata sana'a ce daban. Ke kin riga kin zaɓi reshen ji, kuma zaɓin ya dace da darasinki, domin Kemistiri na sakandare ido ne: launi ya sauya, kumfa ta taso, gari ya kwanta a ƙasan kwalba.

Takardar ƙwarewa a wannan fannin daga sashen ilimi na musamman na jami'a take fitowa. Mafi kusa da ke shi ne na Jami'ar Bayero a Kano, sai na Jami'ar Jos, sai na Ibadan. Akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke Oyo, wadda aka buɗe a 1977, amma ginshiƙinta NCE ne, kuma mai digiri ba ta da buƙatar sake farawa daga can. Sharuɗɗan shiga sun bambanta: wani sashen zai karɓi mai PGDE mai kyau kai tsaye zuwa mastas, wani zai so ki fara da diflomar gaba da digiri a fannin. Ki je Kano da kanki tun kina tsakiyar PGDE ki ji nasu sharaɗin daga bakin sashen, tafiyar yini ɗaya ce. Kuma ki sa rubutun bincikenki na PGDE ya zama kan koyar da kimiyya ga ɗalibai kurame. Shi ne abin da za ki ajiye a kan tebur ranar da aka tambaye ki me ya haɗa mai Kemistiri da wannan sashen.

Sai dai abin da zai sa ki zama malamar kurame ba ya jiran kowace jami'a, kuma kusan kyauta ne: hannu. A nan 'yan'uwan kurame suka fi ruɗuwa. Alamun da kuke yi da ƙanenki a gida, na abinci da wanka da zo da tafi, na gidanku ne kaɗai. Maganar hannu ta kuramen Hausa, wadda za ki gani a kasuwa da tasha da majalisarsu, harshe ne cikakke mai tsarinsa, ya girmi makarantun boko na kurame. Wadda ake koyarwa da ita a aji kuma ta uku ce, tushenta daga Amurka, ta yaɗu ne ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Ta ajin ita ce dole a gare ki, ta gari kuma ita za ta sa iyaye da manyan kurame su sake da ke.

Haruffa 26 na yatsu za ki iya haddace su cikin mako guda, kuma nan ne mutane suke zaton sun iya. Wuyar ba a yin alama take ba, a karanta hannun wani take, musamman yara in suna hira da sauri. Fuska ma nahawu ce: ɗaga gira ko haɗe ta shi ke nuna irin tambayar da ake yi, wanda ya yi alama da sandararriyar fuska kamar mai magana ne ba hawa ba sauka. Bidiyon waya zai ba ki kalmomi, ba zai gyara miki kuskure ba. Ki nemi babban kurma ko kurmiya mai ilimi ya zama malaminki, ki biya shi kamar yadda za ki biya kowane malami. Ki nemi izini a makarantar ilimi na musamman ta jiha, KASSES, ko makarantar kurame da ke Kawo, ki riƙa zama a bayan aji sau ɗaya ko biyu a mako. Watannin farko kallo ne naki. Shawararmu kada ki nemi a tura ki gwajin koyarwa ajin kurame sai in malaman wurin da kansu sun ce hannunki ya kai; in bai kai ba, ki yi gwajin a makarantar masu ji. Zangon karatun yaran ya fi makinki tsada.

Ga kaɗan daga abin da za ki tarar. Mai ji yana iya kallon kwalba yana sauraron bayani a lokaci guda. Kurma ido kaɗai yake da shi don abu biyun, in yana kallon hannunki ba ya kallon gwajin. Don haka a gwajin ɗiga asid cikin alkali, ki yi bayani tukuna hannunki babu komai, ki ce su zuba ido kan launi, sannan ki buɗe famfon bututun ki yi shiru har ruwan ɗorawa ya koma ruwan lemo, ki rufe, ki jira idanu su dawo kanki, sannan ki ci gaba. Darasin minti arba'in zai ci fiye da haka, ki rage abin da za ki koyar maimakon ki ƙara sauri. Kada ki yi bayani kina fuskantar allo. Kada ki tsaya taga na bayanki, fuskarki za ta zama inuwa. Kujeru a jera su kamar kofaton doki yadda kowa zai ga hannun kowa. Wannan na cikin dalilan da manufar ilimi ta ƙasa ta sa malami ɗaya ga ɗalibai 10 a ajin musamman, alhali a sakandare ta gama-gari 40 ne. A ɗakin gwaje-gwaje, ihun "ajiye!" ba ya aiki. Tun ranar farko ku yi yarjejeniya kan alamar tsayawa, kamar kashe fitila da kunnawa ko ɗaga jan ƙyalle, ku maimaita ta har ta zama jiki kafin a taɓa asid ko wuta.

Kalmomin Kemistiri da yawa ba su da alamar da kowa ya sani. Ki rubuta kalmar a allo, ki harrafa ta da yatsu, ki nuna abin, sannan ku tsayar da alama ɗaya ke da ajin, ki rubuta ta a littafi don kada ta sauya a zango na gaba. Amma ki fara tambayar tsofaffin malamai, kada ki ƙirƙiri abin da yake akwai. Wajen duba takarda kuma, Turancin ɗalibi kurma yakan bi jerin maganar hannu, ya zubar da ƙananan kalmomi. Ki ba shi makin Kemistirinsa, ki gyara Turancin a gefe, ki kuma yawaita ba su tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, tunda a rubuce za su gamu da su ba mai fassara kalma.

Game da ƙanen naki, tunda sai da ya kai shekara biyar ya kurumce, ya riga ya ji Hausa ya yi magana da ita, kuma wannan jari ne da wanda aka haifa kurma ba shi da shi. Ku ci gaba da yi masa magana fuska da fuska, ba ihu, tare da alama. In an daɗe ba a auna jinsa ba, ga cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa nan cikin Kaduna. Takardar awon za ta nuna yawan abin da ya rage a kowane kunne, kuma da ita ake sanin ko na'urar ji za ta amfane shi. Kada a saya a kasuwa ba awo: tana ƙara ƙarar komai ne har da hayaniyar aji, kuma kurumtar sanƙarau sau da yawa mai zurfi ce. Ke ma ki koyi karanta wannan takardar, za ki riƙa ganin irinta a fayil ɗin ɗalibanki.

Batun aiki ba za mu yi miki daɗin baki ba. Makarantun kurame kaɗan ne, gurbi ba ya buɗewa kullum. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da warewa ba, amma doka a takarda ba ta ɗaukar malami aiki. Abin da ya rage miki haɗari shi ne jerin da muka ba ki: da PGDE da rajista kin cancanci neman aikin koyar da Kemistiri a kowace sakandare, ta hukumar ɗaukar malaman sakandare ta jiha ko ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, inda mai digiri kan fara a mataki na 8. In kin shiga, neman canjin wuri zuwa makarantar musamman ya fi sauƙi ga wadda malaman can suka riga suka san fuskarta da hannunta. Masu iya maganar hannu akwai su, masu Kemistiri ma akwai su. Wanda ya haɗa biyun ne ake nema a rasa.

Da Baba kuma, kada ki tsaya jayayya a kan kalma. Ki nemi wani dattijon malami da yake ganin girmansa, ko kawunki in yana aikin gwamnati, ya zauna da shi ya yi masa bayanin rukunan nan huɗu. Ke kuma gobe ki rubuta wa tsohuwar jami'arki neman cikakken sakamakonki, ko ba a buɗe sayar da fom ba, ki karɓi rasit ki ajiye, ki sa ranar da za ki koma bibiya bayan mako uku.